Ole Romer: Masanin Falakin da Jinkirin Wani Wata Ya Nuna wa Gudun Haske

A cikin masana ilimin falaki na ƙarni na 17 akwai wani mutumin ƙasar Denmak da sunansa bai yi tashe kamar na Galileo ko Newton ba, alhali kuwa shi ne ya fara kawo hujja ta awo a kan tambayar da ta gagari masana kusan shekara dubu biyu: shin haske yana ɗaukar lokaci kafin ya isa inda za shi, ko kuwa nan take yake isa? Sunan wannan mutum Ole Romer. Bai tashi da niyyar auna haske ba. Aikin da aka sa shi shi ne duban wani ƙaramin wata da ke kewaya duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupita, ya riƙa rubuta lokacin ɓuyarsa da lokacin fitowarsa domin a gyara jadawalin tafiyarsa. A cikin wannan aiki na haƙuri ne ya ga jadawalin yana kuskure, kuma ya ƙi yarda cewa kuskuren na banza ne.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Ole Christensen Romer ranar 25 ga Satumba, 1644, a garin Aarhus da ke bakin teku a Denmak. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai jirgin ruwa, kuma sunan Romer ya samo asali ne daga tsibirin Romo, inda zuriyarsu ta fito. Ya yi karatun farko a makarantar babbar majami'ar garinsu, sannan a 1662 ya shiga Jami'ar Kwapanhagan.

A can ya faɗa hannun Rasmus Bartholin, malamin lissafi da likitanci, wanda a 1669 ya wallafa bincikensa a kan wani dutse mai gani-har-hanji daga Aisilan, wanda ke raba tsirkiyar haske gida biyu. Bartholin ya ɗauki saurayin ya zaunar da shi a gidansa, ya kuma ba shi wani aiki mai cin rai. Sarkin Denmak ya mallaki littattafan da Tycho Brahe, babban mai duban taurari da ya rasu a 1601, ya cika da awon matsayin taurari na shekaru masu yawa, kuma ana so a tsara su domin bugawa. Romer ya shafe shekaru yana kwafe waɗannan lambobi, yana gwada wannan da wancan, yana fitar da kurakuran magatakarda. Babu makarantar da ta fi wannan koya wa mutum darajar awo mai kyau da illar awon ganganci, kuma ɗabi'ar da ya ɗauka a nan ita ce ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Agogon da ke sararin sama

Domin a fahimci abin da Romer ya yi, sai an san matsalar da ta dami sarakuna da matuƙan jiragen ruwa a wancan zamani. Sanin nisan wuri daga arewa zuwa kudu ba shi da wuya, tsayin rana da tsakar rana ko tsayin wani tauraro ya isa. Nisan gabas da yamma shi ne ciwon kai. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti 4. Saboda haka rana takan kai tsaka a Kano kimanin minti 10 zuwa 12 kafin ta kai tsaka a Kumbashi da sauran garuruwan ƙasar Kontagora. Wanda ya san bambancin lokaci tsakanin garuruwa biyu ya san tazarar gabas da yamma da ke tsakaninsu. Amma a zamanin da babu waya babu rediyo, kuma babu agogon da zai jure tafiyar watanni bai ɓata ba, yaya mutum zai san ƙarfe nawa ne a wani gari mai nisa a daidai wannan lokaci?

A watan Janairu na 1610 Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari. Su ne aka sani yau da Io da Yuropa da Ganimid da Kalisto. Na kusa da ita, Io, yana gama zagaye ɗaya cikin kimanin awa 42 da rabi, kuma a kowane zagaye yakan shiga inuwar Mushtari ya yi husufi, bayan ɗan lokaci ya fito. Galileo ya gane cewa wannan agogo ne da kowa zai iya gani daga ko'ina. Idan akwai jadawalin da ya ce husufin zai auku ƙarfe kaza da agogon wani birni, matafiyi ya duba ya ga ya auku ƙarfe kaza da agogon inda yake tsaye, bambancin shi ne amsar. Ya tallata dabarar ga Sifen, daga baya ga Holan, amma ba ta yi aiki a teku ba saboda tangaɗin jirgi ba ya barin madubi ya tsaya. A tudu kuwa ta yi kyau, muddin jadawalin daidai ne.

Nan ne gizo ke saƙa. Kuskuren minti 10 a jadawali yana nufin kuskuren digiri biyu da rabi a taswira, wato fiye da kilomita 270 a irin yankinmu. Kuskure irin wannan zai iya ɗauke gari daga ƙasar Kontagora ya dasa shi kusa da Kano. A 1668 Giovanni Domenico Cassini, ɗan Italiya, ya wallafa jadawalin watannin Mushtari da ya fi duk na baya inganci, kuma a shekarar da ta biyo Sarki Luwi na 14 ya jawo shi Paris, inda ake gina sabon gidan duban taurari na masarauta. Duk da haka jadawalin yana bukatar gyara, gyaran kuwa ba ya samuwa sai da duba dare bayan dare.

Daga tsibirin Hven zuwa Paris

A 1671 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta aiki Jean Picard zuwa tsibirin Hven, inda Tycho Brahe ya gina gidan dubansa mai suna Uraniborg. Masanan Paris suna so su yi amfani da awon Tycho, kuma hakan ba zai yiwu ba sai sun san ainihin matsayin wurin da aka yi awon idan an kwatanta shi da Paris. Picard ya tarar da ginin ya zama kufai. Bartholin ya haɗa shi da almajirinsa ya taimaka masa, suka shiga duban husufin Io daga Denmak, Cassini kuma yana duban husufin daga Paris. Da yake abu guda ake kallo daga wurare biyu a lokaci guda, kuskuren jadawali bai shafe su ba, bambancin agogo kawai za a ɗauka.

Picard ya ga irin kaifin idon saurayin da tsantsenin hannunsa, don haka da zai koma a 1672 sai ya tafi da shi. Romer ya yi shekara tara a Faransa. Ya yi aiki a gidan duban taurari, ya koyar da yarima mai jiran gado, ya taimaka wajen awon ƙasa domin jawo ruwa zuwa fadar Basai, ya kuma ƙera na'urori masu haƙora da ke kwaikwayon tafiyar duniyoyi da ta watannin Mushtari. Amma babban aikinsa na kullum shi ne tsayuwar dare a bayan madubi, kunne na sauraren bugun agogo mai lilo, wanda Christiaan Huygens ya ƙago ƙasa da shekara 20 kafin nan, ido kuma na jiran lokacin da ɗigon haske zai dusashe ko ya bayyana.

Minti goma

Da rubuce-rubucen husufin suka taru, sai wani abu ya fito fili. Wani lokaci Io yakan riga jadawali, wani lokaci yakan makara, kuma saɓanin ba na kara-zube ba ne, yana bin matsayin duniyarmu a kan hanyarta ta kewaya rana. Duniyarmu tana gama zagayenta a shekara ɗaya, Mushtari kuwa sai kusan shekara 12, saboda haka wasu watanni muna matsawa kusa da ita, wasu watanni muna nisantarta. A watannin matsowa, lokacin da ake ganin shigar Io cikin inuwa, tazarar da ke tsakanin husufi da husufi takan gajarta. A watannin nisanta, lokacin da ake ganin fitowarsa, takan tsawaita.

Bambancin a zagaye ɗaya ƙanƙane ne, bai wuce sakan 15 ba a mafi yawansa, abin da na'urorin zamanin ba za su iya kamawa da tabbaci ba. Sai dai yana taruwa. Bayan zagaye 40, sakanni sun zama mintoci.

Fassarar Romer mai sauƙi ce. A ƙaddara wani attajiri yana tura ɗan aike kowace safiya ya bi bayan ayarin fatake da ya bar gari. Ɗan aiken yau zai yi tafiyar da ta fi ta na jiya, domin ayarin ya ƙara gaba, saboda haka saƙonni za su riƙa isowa a makare ko da yake attajirin bai taɓa saɓa lokacin aikawa ba. Idan ayarin ya juyo gida, saƙonnin za su riƙa tarar da shi da wuri. Io shi ne attajirin, duniyarmu ce ayarin, haske kuma shi ne ɗan aiken. Idan haske nan take yake isa, babu dalilin makara. Tunda akwai makara, kuma tana bin nisa, to haske tafiya yake yi.

Wannan magana ba ƙarama ba ce a wancan lokaci. Aristotal ya tafi a kan cewa haske ba ya bukatar lokaci, haka ma Kepler da Descartes. Ibn Sina da Ibn al-Haisam sun riƙi akasin haka tun ƙarni na 11, amma da hujjar hankali, ba ta awo ba. Galileo ya kawo shawarar a gwada da fitilu biyu a kan tuddai masu nisa, sai dai tazarar ta yi kaɗan ƙwarai ga abu mai irin wannan sauri. Romer ya samu filin gwaji mai faɗin miliyoyin kilomita.

Ya kuma yarda a gwada shi a bainar jama'a. A farkon Satumban 1676 ya sanar da Majalisar cewa fitowar Io da ake jira a watan Nuwamba za ta makara da kimanin minti 10 a kan abin da lissafin da aka gina bisa duban watan Agusta ya nuna. Ranar 9 ga Nuwamba, da ƙarfe 5 da minti 35 da sakan 45 na yamma, masu duba a Paris suka ga Io ya fito, a makare da minti 10. Ya gabatar da bayaninsa ga Majalisar a cikin watan, kuma ranar 7 ga Disamba, 1676, mujallar Journal des Sçavans ta buga taƙaitaccen rahoto a kansa. A 1677 aka fassara shi zuwa Ingilishi a mujallar ƙungiyar masana ta Landan.

Ƙiyasinsa shi ne haske yana bukatar kimanin minti 22 kafin ya ratsa faɗin da'irar da duniyarmu ke bi, daga gefe zuwa gefe. A yau an san cewa minti 16 ne da kusan sakan 40. Shi kansa bai fitar da adadin gudun ba. Huygens ne ya haɗa mintocin Romer da ƙiyasin nisan rana na lokacin, ya samu abin da ya haura kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Adadin da aka tsayar yanzu shi ne mita 299,792,458 a sakan. Lissafin farko ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma ya mai da abin da ake cewa ba shi da iyaka abin da za a iya aunawa.

Jayayya da maigida

Huygens ya karɓi bayanin da hannu biyu. A 1679 Romer ya ziyarci Ingila ya gana da Newton da John Flamsteed da Edmond Halley, kuma masanan can sun karkata gare shi. Newton, a littafinsa na nazarin haske da ya fito a 1704, ya rubuta cewa hasken rana yana iso mu cikin minti bakwai ko takwas.

A gida kuwa, wato a Paris, shugaban gidan duban taurari bai yarda ba. Takardun Majalisar sun nuna cewa Cassini kansa ya taɓa kawo wannan tunani a Agustan 1676, daga baya ya janye. Hujjarsa ba ta son zuciya ba ce. Ya ce idan jinkirin na haske ne, dole ne a gan shi daidai wa daida a sauran watannin uku, domin duk haskensu hanya ɗaya yake bi, amma lissafinsu bai nuna hakan a sarari ba. Ya yarda a sa gyaran mintocin a jadawalin Io, ya ƙi yarda da dalilin. Ɗan 'yar'uwarsa, Giacomo Maraldi, ya ci gaba da wannan suka har bayan shiga ƙarni na 18.

Romer bai iya warware wannan ƙulli gaba ɗaya ba, domin ilimin da zai warware shi bai zo ba tukuna. Watannin suna jan juna da ƙarfin nauyinsu, kuma uku na ciki suna tafiya a ɗaure: duk lokacin da Ganimid ya yi zagaye ɗaya, Yuropa ya yi biyu, Io ya yi huɗu. Wannan jan juna yana sa su riga ko su makara da kansu, har ya rufe alamar jinkirin haske. Pehr Wargentin ɗan Suwidin ne ya fitar da tsarin wannan saɓani a jadawalinsa na shekarun 1740, sannan Laplace ya bayyana dalilinsa da lissafin nauyi na Newton a shekarun 1780. Ashe kowanne daga cikin mutanen biyu ya ga wani abu na gaskiya, sai dai Romer ne ya fassara nasa daidai.

Hukuncin ƙarshe ya zo ta wata hanya dabam. A 1729 James Bradley ya sanar da cewa duk taurari suna ɗan karkata a cikin shekara saboda haɗuwar tafiyar duniyarmu da tafiyar haske, kamar yadda mai sauri cikin ruwan sama yake karkata laimarsa gaba ko da ruwan a miƙe yake sauka. Awonsa ya ba da minti 8 da 'yan sakanni daga rana zuwa gare mu. A 1809 Delambre ya koma kan husufin watannin Mushtari na fiye da shekara 100, ya samu minti 8 da sakan 13. Adadin yau minti 8 ne da sakan 19.

Dabarar husufin kuma ta yi aikin da aka nufe ta da shi. Da ita Picard da La Hire suka gyara taswirar Faransa, inda gaɓar yamma ta ja baya zuwa gabas. A 1682 Majalisar ta aiki masu duba uku, Varin da Deshayes da De Glos, zuwa tsibirin Gore da ke gaɓar Senegal, inda suka duba husufin Io domin tsayar da matsayin wannan yanki na Afirka ta Yamma a taswira.

Komawa gida

A 1681 Sarki Kirista na 5 ya kira Romer gida. Aka naɗa shi shehun malamin falaki a Jami'ar Kwapanhagan kuma masanin lissafi na fada. A wannan shekara ya auri Anne Marie, 'yar malaminsa Bartholin. Bayan rasuwarta ya sake aure a cikin zuriyar a 1698.

Daga nan gwamnati ta yi ta ɗora masa kaya. Na farko shi ne daidaita ma'auni. Duk wanda ya san yadda mudun wata kasuwa yake saɓa wa na wata, da irin rigimar da hakan ke haifarwa tsakanin manomi da ɗan kasuwa, zai gane nauyin aikin. Dokar 1 ga Mayu, 1683, wadda shi ya tsara ta, ta kafa ma'auni ɗaya ga Denmak da Norwe, kuma ta ɗaure ma'aunin ruwa da na nauyi ga ma'aunin tsawo, ta hanyar ruwan da zai cika akwati mai ƙafa ɗaya ta kowace fuska. Ya jagoranci ɓangaren awo na ƙididdigar gonaki da aka yi domin haraji, ya sa aka auna manyan hanyoyi aka kafa alamun mil. Ya zauna a kotun ƙoli, ya shugabanci jami'a, ya kula da harkar ruwan sha da kashe gobara da fitilun titi a babban birni, kuma a 1705 aka ba shi shugabancin 'yan sandan Kwapanhagan tare da kujerar magajin gari.

Shi ne kuma ya matsa har Denmak ta bar tsohuwar kalandar Yuliyos ta koma wadda ake amfani da ita yanzu, abin da ƙasashen Furotesta suka daɗe suna ƙi domin daga Fafaroma ta fito. A 1700, zamanin Sarki Firederik na 4, mutanen ƙasar suka kwana ranar 18 ga Fabrairu suka wayi gari 1 ga Maris. Ya kuma ƙera ma'aunin zafi mai madogara biyu tabbatattu, inda ruwa ke daskarewa a 7.5 ya tafasa a 60. A 1708 wani saurayi mai suna Daniel Fahrenheit ya ziyarce shi ya ga yadda yake yi, kuma a kan wannan tushe ya gina ma'aunin da har yau ake amfani da shi a Amurka.

Na'urorinsa

Duk da wannan hidima bai bar sama ba. Darasin da ya koya daga littattafan Tycho da dararen Paris shi ne na'urar da ke motsi ta ko'ina kuskurenta ma ta ko'ina yake shigowa. Saboda haka wajen 1690 ya kafa wani madubi a tagar gidansa, a kan sanda mai kwance gabas da yamma, ta yadda ba ya juyawa sai sama da ƙasa a kan layin kudu da arewa. Mai duba ba ya bin tauraro, jira yake tauraron ya zo ya ƙetare siririn zare a cikin madubin, ya rubuta sakan ɗin. A 1704 ya gina ƙaramin gidan duba a ƙauyen Vridslosemagle, yamma da birni, ya sa masa suna Tusculanum, inda ya haɗa irin wannan madubi da da'ira mai rabe-raben digiri, domin a samu lokacin ƙetarawa da tsayin tauraro a duba ɗaya. Irin wannan na'ura ce ta zama ginshiƙin awon matsayin taurari a duniya har cikin ƙarni na 20.

Burinsa shi ne ya kama ɗan gocewar da ya kamata taurari su nuna idan an dube su daga gefe biyu na da'irar duniyarmu, wanda zai zama hujja kai tsaye cewa ita ke kewaya rana. Bai cim ma wannan ba. Gocewar ta yi ƙanƙanta ga na'urorin zamaninsa, sai a 1838 Bessel ya auna ta.

Romer ya rasu a Kwapanhagan ranar 19 ga Satumba, 1710, saura kwana shida ya cika shekara 66. Bai wallafa littafi ko ɗaya a kan dube-dubensa ba, kullum yana jiran samun sarari daga aikin hukuma.

Gobara da abin da ya tsira

Shekara 18 bayan rasuwarsa, daga 20 zuwa 23 ga Oktoba, 1728, gobara ta cinye wani babban sashe na Kwapanhagan. Ta ƙone ɗakin karatu na jami'a da gidan duban taurari na Hasumiya Mai Kewaye, tare da na'urorinsa da kusan dukkan awon da ya tara. Almajirinsa Peder Horrebow ya tsira da kaɗan, kuma a 1735 ya wallafa littafin da ya siffanta na'urorin malaminsa da hanyoyin aikinsa. Daga cikin abin da ya tsira akwai awon kwana uku da aka yi a Tusculanum, daga 20 zuwa 23 ga Oktoba, 1706, ranakun da suka yi daidai da na gobarar.

Waɗannan kwanaki uku sun yi rana. A 1845 wani mai duban taurari a Balin, Johann Galle, ya yi digirinsa na dakta a kan tace su, ya aika wa Urbain Le Verrier na Paris da kwafi. Le Verrier ya jinkirta amsa har shekara guda. Da ya tashi amsawa, sai ya haɗa godiyarsa da roƙon Galle ya duba wani wuri a sama, inda lissafinsa ya nuna akwai wata duniya da ba a sani ba, wadda ke jan Yuranus daga hanyar da jadawali ya tsara mata. Wasiƙar ta isa ranar 23 ga Satumba, 1846, kuma a daren nan aka ga Neftun. Wannan ma saɓani ne tsakanin jadawali da ido wanda wani ya ƙi yin watsi da shi. A 1913 kuma aka gano wata takarda da rubutun hannun Romer a ɗakin karatun jami'ar, ɗauke da jerin lokutan husufin Io da ya yi aiki da su, abin da ya ba masana damar bin lissafinsa daki-daki.

Aikin da ya bari

Awon matsayin watannin Mushtari bai tsaya ba. Kimanin kowace shekara shida watannin sukan riƙa shiga gaban juna ko inuwar juna idan an dube su daga nan, kuma masana, tare da masu sha'awa da ke da ƙananan madubai, sukan auna lokutan su aika wa cibiyar lissafin falaki da ke ƙarƙashin gidan duban taurari na Paris, inda Romer ya yi aiki. Ana kuma auna lokacin da wata ya gitta gaban wani tauraro mai nisa wanda kumbon Gaia ya tsayar da matsayinsa. Bukatar ta ƙaru yanzu, domin kumbon JUICE na Turai da aka harba a Afrilun 2023 da kumbon Europa Clipper na Amurka da aka harba a Oktoban 2024 suna kan hanyar zuwa can, kuma kumbon da zai wuce kusa da wata dole ne a san inda watan zai kasance a ranar da sa'ar. Masu sarrafa su daga ƙasa kuwa sai sun lissafa mintocin da umarninsu zai ɗauka a hanya, wato jinkirin nan da Romer ya fara gani.

Tun 1983 ma'aunin mita kansa da gudun haske ake fassara shi, don haka abin da mai daidaita ma'aunin Denmak ya gano a sama ya dawo ya zama tushen awon tela da magini. Al'ummar da ta saba da muhawarar lissafi da ganin jinjirin wata ba za ta ji hanyarsa baƙuwa ba: a yi lissafi, a fita a duba, idan an ga saɓani a rubuta shi yadda yake a nemi dalilinsa. Watannin huɗu kuma suna nan. A dare mai garau, nesa da hasken lantarki, a watannin da Mushtari take sama, madubin hangen nesa irin na hannu biyu da aka jingina a kan katanga ya isa a gan su jere a gefenta kamar ɗige-ɗigen haske, kuma wanda ya sake dubawa washegari zai tarar sun sauya wuri.